Ƙarar da Kawu Ya Kai Tunkiyar Matarsa

A zamaninmu, ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ba ya zama a birni idan an ba da babban hutu. Ranar da aka rufe aji, ranar iyaye suke neman inda za su tura shi ya yi gumi, don kada biro ya sa hannunsa ya manta da fartanya. Ni rabona kullum shi ne garkar kawuna, yayan mahaifiyata, a wani ɗan ƙauye da ke bakin gulbi, gaba kaɗan da Jiratawa. Na yi masa damina da dama, amma wadda nake son in ba da labarinta ita ce ta shekarar da ruwa ya ƙi, sojoji kuma suna kan mulki. A lokacin na kusa gama kwaleji a Maraɗi, gemu ya fara tsiro mini, ina kuma da keke, abin da ba kowane sa'ana yake da shi ba.

Garkar ba ta da girma. Akwai gwaiba, da lemun tsami, da manyan mangwaro da inuwarsu ta rufe bakin rijiya, sai ƴan dashe da Kawu ya kewaye da ƙaya. Ruwan famfon da aka ja wa manoman Jiratawa bai iso gare shi ba, saboda haka aikina na farko shi ne guga. Tun da sanyin safiya nake jan ruwa ina zubawa a gindin kowane itace, shi kuwa yana biye da ni yana leƙa ramin, ko na yi masa ha'inci. Idan rana ta ɗaga sai korar tsuntsaye da tsinkar gwaibar da ta nuna, a jera a kwando don kasuwa. Ladana a cikin wannan shi ne gwaibar da tsuntsu ya riga ya sara. In na ɓata fuska sai ya ce, "Ci abinka, Mushe. Tsuntsu ya fi ka sanin mai zaƙi." Mushe yake kirana, sunan da muke kiran malamanmu, tun ranar da ya gan ni da wando mai kari.

Aikina na biyu na matarsa ne, wadda nake kira Inna. Itatuwa na Kawu ne, tumaki na Inna, kuma a gidan nan ba a taɓa rikita wannan iyaka ba. A da tana da turke cike, amma shekarun sun yi ta ci mata su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura guda, wata uda, gabanta baƙi, bayanta fari, ga ta da ciki. Jikanya ce ga tunkiyar da mahaifiyar Inna ta ba ta ranar da aka kawo ta gidan aure. In wannan ta mutu, irin ya ƙare, kuma Inna ba ta da wani abu a duniya da za ta nuna ta ce nata ne.

Akwai wata al'ada da ƴan birni ba su sani ba. Da zarar ruwan shuka ya sauka, mai gari yakan sa a zaga da ganga a yi shela a ɗaure dabbobi. Daga ranar, akuya ko tunkiya ba ta barin turke sai an yi girbi an yi shelar saki. Wadda aka kama tana ɓarna a gona ko a garka, mai wurin yakan ja ta zuwa gidan mai gari, a tsare ta a can har mai ita ya zo a zauna shari'a. A shekarar albarka wannan ba ya cutar da kowa, domin ciyawa takan cika bakin hanya, a yanko a kawo wa dabba har inda take.

A waccan shekarar ruwa ya sauka sau ɗaya mai kyau. Aka yi shuka, aka yi shela, aka ɗaure dabbobi, daga nan sama ta rufe bakinta. Hatsi ya tashi har gwiwa ya tsaya, ya yi rawaya, ya fara karyewa. Ciyawa ba ta fito ba. Kowa ya ga babu abin da ya rage a gonaki da za a tsare wa tunkiya, amma mai gari bai yi shelar saki ba. Yin ta a tsakiyar damina daidai yake da ya tsaya a kasuwa ya ce shekara ta mutu, ga shi kuwa an ce kumandan, sojan da ke mulkin yankin, ya tara masu gari ya ja musu kunne a kan masu baza maganar yunwa. Sai dabbobi suka zauna a turke suna gadin hatsin da ya riga ya bushe.

Tunkiyar Inna ta fara nuna haƙarƙari. Na yi yawo har ƙafata ta tsage ina neman abin yanka, in dawo da abin da bai cika hula ba. Inna tana ba ta ruwan tsari da ɗan dusar da ta samu. Ta cinye zanan da ke kusa da turkenta, wata rana kuma ta gutsure bakin malfar Kawu da ya ajiye zai yi alwala. Ganye kore ɗaya da ya rage a wurin shi ne na garka, Kawu kuwa ya ce sai bayan ransa.

"Ganye rigar itace ne," in ji shi. "A ranar nan da ake yi, wa ke tuɓe wa ɗansa riga?"

Ana cikin haka ya aike ni in kai wa mai gari gwaibar fari, kamar yadda yake yi kowace shekara. Na shiga zaure na yi gaisuwa, aka ce in wuce da kwandon ciki. A bayan zauren na ga tsohon dokin mai gari, wanda ya daɗe bai ga sirdi ba, a gefensa kuma wata akuya ɗaure, ta tusa kai cikin harawa tana ci ba ta ko ɗagowa. Na tambayi baran gidan, ya ce an kama ta ne tana ɓarna, mai ita kuma ya yi tafiya. Na ce, har da harawa ake ba mai laifi? Ya ce dole, domin in dabba ta mutu a hannun mai gari abin kunya ne, kuma shi zai biya. Ya nuna mini rumbu guda cike da harawar bara da aka tanadar wa dokin.

Ba zan yi ƙaryar tawali'u ba, dabarar tawa ce. Na kawo ta da rana, muna shan fura a inuwar mangwaro, na shimfiɗa ta daki-daki yadda aka koya mana shimfiɗa hujja a aji. Kawu ya ajiye ludayi.

"In kai ƙarar matata? Ni? A ce a garin nan na rasa abokin shari'a sai wadda take dama mini fura?"

"Ba ni za ka kai ba, Malam," in ji Inna. "Tunkiya za ka kai."

"Tunkiyar wa?"

"In ta mutu a turke, kai za ka haifa mini wata?"

"Ke, yaron nan karatun Nasara ne ya juya masa kai, ke kuma me ya juya naki?"

"Yunwar dabbata. Ganye ko ƙara, Malam, ka zaɓi ɗaya kafin la'asar."

Ya dubi itatuwansa, ya dubi Inna, ya dube ni da idon da ya nuna ba zai manta da ni ba. Ya zaɓi ƙara. Amma ya kafa sharaɗi, shi ba zai tsaya gaban mai gari ya yi ƙarya ba, sai an yi ɓarna ta gaske. Muka jawo tunkiyar, ya shiga gaba yana zaga garkar kamar uban da aka ce ya ba da ɗa guda a kai soja. Ya tsaya a gaban wannan ya girgiza kai, ya dafa wancan ya wuce. A ƙarshe ya kai mu gindin wani tsohon lemo mai ƙaya da ya daina ƴaƴa, ya nuna reshe ɗaya, ya ce wannan kaɗai ya yarda.

Tunkiyar ta sansana ta kau da kai.

"Ka gani ko? Ashe ba yunwa take ji ba," in ji Kawu.

Na ce, "Kawu, shari'a tana bukatar ɓarnar da ido zai gani." Na sassauta igiyar. Dabbar da ake cewa ba ta da ƙarfin tsayuwa ta ratsa ƙaya kamar barewa, ta faɗa wa dashen gwaibar da ya fi ƙauna, wanda ya kawo irinsa daga nesa ya rene shi da hannunsa. Kafin ya gama salati ta mayar da shi tsinke. Daga nan ba a bukaci kowa ya koya masa abin da zai faɗa ba. Ya fizge igiyar ya ja ta ta tsakiyar gari yana faɗa da gaskiyarsa, yara na biye, ni kuma ina can baya riƙe da tsinken shaida.

Mai gari dattijo ne mai sanyin magana, wanda ba a gane fushinsa daga murmushinsa. Ya saurari ƙarar, ya juya tsinken a hannu, ya ce lallai an yi ɓarna.

"Ta wa ce, mai garka?"

Kawu ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ta cikin gida ce."

"Gidan wa?"

"Nawa."

Fadawa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Mai gari bai yi dariya ba. Ya ce a ɗaure tunkiya, a kuma kira wakilin mai ita, tunda matar aure ba ta zama a zaure. Aka ce ai wakilinta mijinta ne. Ya ce mutum ɗaya ba ya zama a tabarma biyu, a nemo wani daga danginta. Namijin da ya rage wa Inna a dangi ƙanenta ne, yana zaune a Tsibiri. Na matso na durƙusa na ce, ranka ya daɗe, ina da keke.

Daga Jiratawa zuwa Tsibiri tafiyar hantsi ce ga mai keke, amma hanya ta bi ta Maraɗi, kuma ɗan kirki ba ya wuce ƙofar mahaifiyarsa bai shiga ba. Na shiga na kwana. Da safe na lura tayar baya tana bukatar faci, mai facin kuma mutum ne mai natsuwa, ban ga dalilin da zan gaggauta shi ba. Sai ranar Asabar da yamma na isa Tsibiri.

Ƙanen Inna Kirista ne, kafinta, dattijo kuma a majami'arsu, mutumin da aka sani ba ya rantsuwa domin ba ya bukatarta. Na faɗa masa kome ban rage ba. Ya yi dariya har ya share hawaye da gefen riga, sannan ya ce, "Ɗana, ka sani in an tambaye ni gaskiya zan faɗa."

Na ce, "Baba, ba ƙarya muke nema ba, jinkiri muke nema."

Ya ce jinkiri kam bai ga inda aka hana ba. Gobe Lahadi ba ya tafiya. Litinin kasuwar Maraɗi ce, yana da ƙusoshin da zai saya. Bayan haka kuma shi ba ya hawa bayan keke, domin ya ga abin da keke ya yi wa wani maƙwabcinsa. Da ƙafa muka tafi, ina tura keken, muna tsayawa gaida duk wanda ya sani, ya kuwa san mutane da yawa.

Tun kafin mu ga rufin gidajen ƙauyen muka fara jin kuka. Bayan zauren mai gari ya cika maƙil da awaki da tumaki. Ashe labari ya zaga, kowa ya tashi da safe ya gano an yi masa ɓarna. Wani ya kai ƙarar akuyar mahaifiyarsa. Wani da ba shi da ko taƙin gona ya ce ragon ƙanwarsa ya cinye masa barkonon da ya shuka a fasasshiyar tukunya. Kowane mai ƙara kuma wakilin abokin shari'arsa yana wani gari mai nisa. Rumbun harawa ya yi ƙasa sosai, tsohon dokin yana tsaye a tsakiyarsu ya juya wa kowa baya. Tunkiyar Inna na hango a kusurwa, cikinta ya fito, tana tuƙa a natse kamar wadda ta gaji gidan.

Aka zauna shari'armu da hantsi, gari duka ya taru, domin kowa ya san hukuncinmu shi ne hukuncinsa. Kawu da ƙanen matarsa abokan wasa ne, ba su ɓata lokaci ba.

"Sannu, mai garka. Na ji ka rasa sa'anka a maza ka koma kan tumaki."

"Da ka zo da zarto ka gyara mini gwaibar da yayarka ta sa aka cinye."

"Mun ba ka mace da tunkiya, yau ga tunkiya a kaso. Ita ma macen mu zo mu ɗauke ta tun da wuri?"

Mai gari ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya tambayi kafinta ko ya yarda dabbar yayarsa ta yi ɓarna.

"Ta yi, ranka ya daɗe. Amma kai ta aka yi ta yi. Yunwa za ta kashe ta a turke, aka ga kana da harawa."

Kawu ya zura wa ƙasa ido. Mai gari ya shafa gemu ya ce ya gode, ko da yake ya san haka tun ranar da aka shigo da ita, domin bai taɓa ganin ɓarawon da ya shiga kaso yana sauri ba. Sannan ya tambaya, wa ya kawo wannan dabara? Duk wuyan da ke wurin ya juyo wajena. Na miƙe tsaye, domin an koya mana amsa tambaya a tsaye.

"Zauna, ɗan lakwal. Kai da ke zaune a birni, fursunonin gidan kaso a ɗaki suke wuni?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ana fita da su da safe su share titi, gardi mai tsaronsu yana biye da su, a mayar da su da yamma."

"Madalla." Ya juya ga jama'a. "Duk wanda ke da hatsin da yake jin tsoron a taɓa masa, ya yi magana."

Ba wanda ya yi. Ba wanda kuma ya ce nasa ya mutu. Sai ya yanke hukunci, kuma har na yi ritaya ban ga wanda ya fi shi iya ratsa ƙaya ba tare da ta kama masa riga ba. Ya ce dabbobin nan duka masu laifi ne, suna nan a tsare, bai saki ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya ce ya ji shelar saki daga bakinsa ya yi masa ƙarya. Sai dai daga gobe za a riƙa fita da su aiki, su share gonaki, a dawo da su gidansa kafin magariba.

"Saura gardi," in ji shi, yana dubana. "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Haka na ƙare hutuna. Kawu bai rage mini ko guga ɗaya ba, sai na gama ban ruwa sannan in tafi in kwance fursunoni. Wanda bai taɓa kora awaki da tumaki na gidaje dabam-dabam a garke ɗaya ba, kada ya yi mini maganar wahala. Yara suka yi mini hula da kwali, in na wuce su ƙame su sara mini. Na karɓi gaisuwar, domin muƙami muƙami ne. Dabbobin suka bazu cikin busasshen hatsi suna ci, masu gonaki suna tsaye a gefe suna kallo, wasu su juya su koma gida.

Wata rana motar soja ta tsaya a bakin hanya. Wani mai igiya a kafaɗa ya leƙo ya tambaye ni wa ya ba da izinin sakin dabbobi a damina. Na ƙame, na amsa masa da Faransancin da ba shi da tabo, na ce babu dabbar da aka saki, waɗannan tsararru ne a ƙarƙashin ikon mai gari, an fito da su aikin horo, ni ne kuma mai tsaronsu. Ya dubi garken, ya dube ni, ya ce da kowane ƙauye yana da ladabi irin wannan da ƙasa ta gyaru. Motar ta wuce.

Tunkiyar Inna ta haihu a bakin aiki, da rana tsaka, a gonar liman. Ta ware daga garke ta kwanta a inuwar wata ƴar sabara, kafin in gama korar wani bunsuru daga hanya na dawo na tarar tana lasar ƴarta. Mace ce, uda kamar uwar, ƙafafunta na rawa amma ta kama nono. Da yamma na rungumo ta zuwa zaure, uwar na biye da ni tana kuka.

Mai gari ya duba ya ce wannan sabuwar magana ce. Jaririyar ba ta ci gwaibar kowa ba, ba a kuwa tsare marar laifi, ba a kuma raba mai shayarwa da abin da ta haifa. Saboda haka ya sallami uwa da ƴa, a kai su ga mai su.

Na shiga gida da su ina jiran guɗa. Inna ta fito daga madafa, ta karɓi ƴar tunkiyar ta ɗaga ta, ta duba bakinta da cibiyarta, ta shafa bayan uwar tun daga wuya har wutsiya. Na ga tana goge ido da bakin zane. Sannan ta waiwaya ta dubi turken, inda babu ko tsinke, ta miƙo mini jaririyar.

"Wa ya ce ina neman a sake ta? Mai laifi ce, ta cinye gwaibar mijina, gari duka shaida ne. Koma ka ce wa mai gari na gode, amma ba ta gama wa'adinta ba."

Kawu yana zaune a kan buzu yana jan carbi, bai ɗago ba ya ce, "Ni ma ban yafe ba."

Na juya da su muka koma kaso, uwar tana gaba, domin ta fi ni sanin hanya.